Shirun da Baba Yake Bari a Tsakiyar Kiɗa

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Baban ɗakinmu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da azahar, cikin watannin sanyi, a cikin motar da yake tuƙawa. Ya je ɗauko yaran makaranta a unguwar Al Mirqab ta birnin Doha, ya sami inuwa ya ajiye motar, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, sannan ya jingina da kujera. Mai gadin makarantar da ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ɗauka barci yake yi. Da labarin ya iso mana unguwarmu ta Najma, ɗan Kumasin ɗakinmu ne ya fara magana, yana share hawaye da bayan hannu: "Kun gani ko? Ko mutuwa ma sai da tsoho nan ya yi fakin." Muka yi dariya, muka ji kunyar dariyar, daga nan kuka ya ƙwace mana.

Mu shida ne a ɗakin, gadaje uku masu hawa biyu. Baba ba mahaifin kowa ba ne a cikinmu. Shi ne dai mai furfura, shi ne ya fi kowa daɗewa a ƙasar nan, kuma duk wanda ya sauka daga jirgi da jaka ɗaya da lambar waya a takarda, a ƙarshe wurinsa ake kawo shi. Ni ma haka aka kawo ni, shekara shida da suka wuce.

Kwana uku aka yi ana bin takardu kafin a ba mu shi. Aka yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi. Mutumin da a garinsu can ƙasar Haɗeja da kasuwa za ta watse saboda jana'izarsa, sahu biyu muka yi, rabinmu cikin kayan aiki, wasu suna duba agogo saboda motar kamfani ba ta jira. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Akwai wanda muke kira Ustaz a ɗakin, direban tanka ne. Shekara da shekaru, da zarar Baba ya miƙa hannu zai ɗauko abin kiɗansa, Ustaz zai zura takalmi ya fita yana istigfari. Shi ne ya yi wa Baba wanka. Da muka dawo daga maƙabarta ya zauna a bakin gadon Baba, ya daɗe yana kallon abin kiɗan nan da ke rataye a ƙusa, a nannaɗe cikin tsohon zanen gado. Na zaci zai ce a fitar da shi. Sai ya ce, "Kada wanda ya taɓa masa shi da hannun mai." Ya tashi ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, mu kuma muka yi kamar ba mu ji abin da ƙarar ruwan take ɓoyewa ba.

Mai shayin kwanar layinmu, Ba'indiye mutumin Kerala, da ya hango ni sai ya zuba shayin karak kofi biyu kamar yadda ya saba. Ya tambaye ni ina Baba. Larabcina bai kai ba, sai na ce masa, "Halas," wato ya ƙare, na nuna sama. Ya ɗauki kofi na biyun ya ajiye a gefen kanta. Har na shanye nawa na tafi bai ba kowa shi ba.

A ranar ne 'yar Baba ta kira ni daga gida. Ita ce 'yarsa ta fari, malamar firamare ce, tana da 'ya'ya uku. Ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, "yarinyar nan" kawai yake cewa, kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da ƙarfin hali. Har za mu yi sallama sai ta ce:

"Yaya, Baba ya taɓa gaya mini ka ɗauki kiɗansa a waya. Don Allah ka turo mini. Ba mu da muryarsa, ba mu da komai, sai hotuna."

Na ce mata to. Na kashe wayar na rasa yadda zan yi, domin abin da ke wayata ba kiɗan Baba ba ne yadda ya yi shi. Ni na ɓata shi da hannuna, kuma babu wani a duniya sai shi. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan, don a san mutumin, a kuma san wautar da na yi masa.

Abin kiɗan ba namu ba ne. Wata Baturiya ce ta ba shi, malama a wata makaranta, wadda ya yi shekara uku yana kai ta aiki yana dawo da ita. Ta ce masa sunansa dalsima, tsofaffin garinsu can cikin duwatsun Amurka suke kaɗawa a ƙofar gida. Akwatin katako ne dogo siriri, mai ƙugu a tsakiya irin na kalangu, da tsirkiya huɗu ta ƙarfe. Ba a rungume shi, a kan cinya ake kwantar da shi. Hannun hagu yana riƙe da ɗan sanda yana jan sa a kan tsirkiya, hannun dama yana bugawa da gashin tsuntsu. Da kwangilarta ta ƙare kaya suka yi mata yawa, ta miƙa masa a filin jirgi, saboda ta lura duk sanda ta kaɗa a kujerar baya sai ya rage gudun mota.

Baba bai taɓa kiransa dalsima ba. Molon cinya yake ce masa. A gida yana da molo tun yana saurayi. Ba maroƙi ba ne, bai taɓa kaɗawa a gaban taro ba, a tsakar gida kawai idan an dawo daga gona. Ɗan sandan Baturiya ya ɓace tuntuni, sai ya maye gurbinsa da guntun asuwaki da ya goge har yana sheƙi. Gashin tsuntsu kuwa, duk ranar da ya wuce inda tattabaru suke taruwa sai ya tsinto mai kauri ya sa a aljihun gaba. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya taɓa tambayarsa ko magani yake haɗawa da shi.

Ranar Juma'a yake kiɗa, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci. A lokacin ɗakin yakan yi fayau, wasu sun tafi bakin ruwa, wasu sun tafi tura saƙo gida. Ni kuwa ba na zuwa ko'ina. Mai gadi ne ni a wani dogon bene a West Bay, awa goma sha biyu a tsaye a bakin ƙofar gilashi, mutane suna wucewa ta gabana kamar tukunyar fure aka ajiye. Idan Juma'a ta zo ƙafafuna ba sa son komai sai gado. Daga gadon sama nake leƙo shi.

Ya taɓa nuna mini yadda tsirkiyoyin suke aiki. Biyun da ke nesa da shi ba a danna su, amo ɗaya suke bayarwa tun daga farko har ƙarshe, wani gurnani mai taushi. Biyun da ke kusa da cikinsa su ne asuwaki yake hawa da sauka a kansu. Ya ce, "Waɗancan su ne gida, ba sa zuwa ko'ina. Waɗannan kuma su ne mu, a je a dawo." Ya faɗa yana ɗaure kunnen tsirkiya, bai ko ɗago kai ba.

Ba ya da kiɗa da yawa, ba su fi biyar ba. Amma ban taɓa jin ya kaɗa ɗaya sau biyu iri ɗaya ba. Asuwakin ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri, jan sa yake yi, sai ka ji sautin yana tafiya da ƙafarsa har ya isa. Wani wurin yakan iso a ɗan makare da gangan, sai ranka ya riga shi zuwa ya tsaya yana jira. Idan layi ya maimaitu, na biyun yakan fi na farko sanyi. A tsakiya ya ɗan ƙara sauri, a ƙarshe ya saki a hankali, yadda yake tsayar da mota ba tare da yaro mai barci ya farka ba. Duk hikimarsa ta kiɗa daga tuƙi yake ɗauko misalinta. "Kowane sakarai ya iya taka totur," yakan ce, "direba a birki ake gane shi."

Ni Bakano ne, kuma bai taɓa barina na manta ba. "Ku Kanawa ko sallama a guje kuke yi," in ji shi. Gaskiyarsa ce a kaina. Ina cin abinci a tsaye, ina katse mutum tun bai kai aya ba, kuma na tsani shiru. Wanda ya yini yana gadin shiru a bakin ƙofa ba ya son ya dawo ɗaki ya tarar da shi.

To akwai kiɗa ɗaya da yake rufe zamansa da shi kowace Juma'a. Gajere ne, layi huɗu, yana maimaita shi sau uku ko huɗu. Kuma bayan kowane layi sai ya tsaya. Ba ɗan numfashi ba, tsayawa sosai. Ya ɗaga gashin tsuntsun, ya bar gurnanin tsirkiya ya mutu da kansa, ya karkatar da kai wajen kafaɗar hagu, idonsa a ƙasa. Ka ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ka ji motoci a titi, ka ji wani yana wanke kwano a ɗakin maƙwabta. Sannan ya ɗan gyaɗa kai ya shiga layi na gaba. Ni a ganina tsufa ne, yana mantawa ne yana tunowa. Har tausayinsa nake ji.

Wata Juma'a na roƙe shi ya bari in ɗauka a waya. Ya ƙi, na nace, ya ce, "Kai da naci kamar ƙudan damina," ya yarda. Na ɗauka, minti biyar da wani abu. Washegari a wurin aiki, lokacin hutun abinci, na saurara, sai na ce bari in yi wa tsoho gata. Akwai wata manhaja da nake yanka bidiyo da ita. Na bi shirun nan ɗaya bayan ɗaya na datse, na haɗa bakin layi da layi, kiɗa ya koma minti uku, yana tafiya santsi ba gargada. Wayata a cike take, sai na goge na asalin. Ban ko yi tunani sau biyu ba. Abin da Hausawa suke kira gyaran gangar Auzinawa, ni na yi shi da hannuna ina murna.

Na kawo masa ina washe baki. "Baba, saurari kanka. Na gyara maka, ko a rediyo sai haka."

Ya sa wayar a kunne. Layi na farko ya wuce, na biyu ya hau kansa nan take. Na ga fuskarsa ta canja. Bai bari ya ƙare ba, ya ajiye wayar a kan katifa a hankali, kamar abin da zai fashe.

"Wa ya ce ka kore ta?"

"Wa, Baba?"

Ya nuna wayar da yatsa. Ya ce, "Ina na farkon?" Na ce na goge. Ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce, "Kai ba ka da kunne. Baki kawai Allah ya ba ka." Ni kuma maimakon in yi shiru sai zuciya ta ɗebe ni, na ce ai taimako na yi, in ba ya so shi ke nan, ba sai an ci mutuncina ba. Ɗan Kumasi yana ta danna mini ƙafa, ban fasa ba sai da na kai ƙarshen maganata.

Juma'a uku molon cinya bai sauko daga ƙusa ba. Muna gaisawa, ina kwana, lafiya lau, iyakarta ke nan. Ustaz ma da ya sami abin da yake so bai ji daɗi ba. Ya same ni a matattakala ya ce, "Ni ba na goyon bayan kiɗa, ka sani. Amma ka je ka ba dattijon nan haƙuri." Girman kai ya hana ni.

Zazzaɓi ne ya sasanta mu. Ya kwantar da ni kwana huɗu, kowa ya tafi aiki ya bar ni da bango. Baba yana da hutun awa biyu tsakanin kai yara da ɗauko su. Maimakon ya huta a mota sai ya riƙa ratso cunkoso ya dawo Najma, ya dama mini kunun tsamiya da 'yar tsamiyar da yake ɓoyo a ƙasan akwatinsa, wadda ko da salla ba ya fito da ita. Ya sauko da ni gadonsa na ƙasa, shi ya riƙa hawa nawa da gwiwoyinsa masu ciwo. Ranar ta uku ina shan kunu na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Sha kununka kada ya huce." Maganar ba ta sake tasowa ba, amma bai ƙara yarda wani ya ɗaga waya yana kiɗa ba.

Da na warke, Juma'ar da ta biyo, ya sauko da molon ya ɗora mini a cinya. "Tunda hannunka yana ƙaiƙayi, zo ka koya, ka daina yanka na mutane."

Shekara biyu yana koya mini. Ba shi da haƙuri da ni kamar yadda mutane suke zato. In na buga da ƙarfi ya ce, "Zagin ka ta yi?" In na yi tsalle da asuwaki ya buge mini hannu ya ce, "Ja shi, kada ka ɗauke shi. Bar ta ta gama magana." In na tafi da sauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe ya ce wannan ba kiɗa ba ne, injin markaɗe ne. Ya sa ni in riƙa numfashi tare da layi, in shiga da shaƙa in fita da saki, har na gane cewa inda numfashina ya ƙare nan layin ma yake son ya kwanta. A hankali hannuna ya faɗa. Huɗu daga cikin kiɗansa na iya su, har ɗan Kumasi yana cewa daga waje ba ya bambance mu.

Na biyar ɗin, mai shirun, shi ne ya gagare ni. Layukan ba su da wuya. Tsayawar ce.

"Tsaya nan," in ji shi.

"Har yaushe, Baba?"

"Har a gama."

"A gama me?"

"In ka ji za ka sani."

Sai na koma dabara irin tawa. Idan yana kaɗawa na riƙa ƙirgawa a zuci. Shirun farko bakwai, na biyu tara. Na riƙe. Juma'a ta gaba na farko ya zama takwas, na biyu sha ɗaya. Wata rana ma sai ya yi ɗan murmushi a tsakiyar shirun ya ƙara tsawonsa. In na kaɗa da ƙirgena ya girgiza kai: "Ka shigo mata a baki." Ko kuma, "Ka bar wuri ya huce." Na tambaye shi ya fi sau goma wace ce wannan da ake shigo wa a baki. Sai ya hau gyaran tsirkiya, ko ya aike ni karak.

Na san matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce yana nan Doha. Ba daga bakinsa na ji ba, ɗan Kumasi ne ya gaya mini. An kira shi yana kan hanya da yara a mota, ya ce innalillahi, ya kai kowane yaro ƙofar gidansu, sannan ya sami gefen titi ya tsaya. Kafin hutu ya fito har an yi arba'in. Shi kansa bai taɓa ambatonta a gabanmu ba. In magana ta kama dole, "mutanen gida" yake cewa. Dattijo irinsa ba zai zauna gaban sa'o'in 'ya'yansa yana zancen abin da ke tsakaninsa da matarsa ba, ko za a yanka shi. Ni kuma da nake taƙama da wayo ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Bayan kiran 'yarsa na yi kwana biyu ina juya abin. Na yi tunanin in ce wayar ta lalace. Na yi tunanin in tura kawai in yi shiru, ai ba ta san yadda na asalin yake ba. A ƙarshe na tura mata, na bi shi da saƙon murya na faɗa mata gaskiya: akwai wuraren da yake tsayawa, ni na yanke su, na asalin kuma babu.

Sai da ta kwana biyu ta amsa. Ina bakin ƙofar gilashi saƙon ya shigo, na shiga ɗan ɗakin masu gadi na saurara. Muryarta a dashe.

"Yaya, na ji. Hannun na Baba ne, ko cikin barci na san shi. Amma ina wurin Inna? Wannan kiɗan ai na su biyu ne. Yana zaune a tabarma da molo, ita tana madafi. Ya kaɗa layi ɗaya, ita ta amsa masa da waƙa daga can, sannan ya ci gaba. Kullum haka muka tashi muna ji. Wurin da ka yanke nan ne take amsawa."

Na zauna a kan bokitin fenti da muke ajiye takalma a kai. Shekara takwas mutumin nan yana zaune a ɗakin mutum shida, duk Juma'a yana buɗe wa matarsa wuri ta yi magana, ni kuma na zo da wayata na share ta don kiɗa ya yi santsi. Na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Mudir, shugabanmu na aiki, ya leƙo ya ce yalla, wato in yi maza, ya ga fuskata, ya ja ƙofar ya tafi.

Saƙo na biyu yana ƙasan na farko. "Baba ya ce ya koya maka. In ka iya, ka kaɗa mini. Ina so yarana su ji yadda yake."

Na gaya mata layukan na iya, tsayawar ce ban taɓa samu daidai ba ko sau ɗaya. Ta ce in dai kira ta ranar Juma'a.

Juma'ar nan ba wanda ya tafi bakin ruwa. Na wanke hannu da sabulu saboda maganar Ustaz, na sauko da molon daga ƙusa, na zauna a gadon Baba. Asuwakin yana cikin zanen, da gashin tattabara biyu. Ɗan Kumasi ya riƙe wayar. Ustaz ya zura takalminsa kamar kullum, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya a nan ya ba mu baya. A cikin wayar ga ta zaune a tsakar gida da yara uku sun kewaye ta, bayanta wata 'yar rumfa mai baƙin hayaƙi.

Na ja layi na farko yadda ya koya mini, na sake shi a hankali, na ɗaga gashin. Tsohuwar ɗabi'a ta motsa, na fara ƙirge, ɗaya, biyu. Sai murya ta fito daga wayar, siririya, tana ɗan rawa:

"Ina ji, maigida, ina ji."

Ta ja ƙarshen kalmar, ta sauke. Hannuna ya shiga layi na biyu da kansa, ban umarce shi ba. Na tsaya.

"Wuta ta kama, tuwo ya kusa."

A nan ta ɗan yi dariya cikin hawaye, ta ce wa yaran, "A nan hayaƙi yakan sarƙe kakarku, sai ta yi tari tukuna, shi kuma yana jira." Sai na gane dalilin da ya sa wata rana tara ne, wata rana sha ɗaya, da abin da yake wa murmushi. Na kaɗa na uku.

"Yara sun ci, kaji sun shiga."

Na kaɗa na huɗu, wanda ya fi duka sanyi, na bar gurnanin tsirkiya ya mutu. Ba ta amsa ba. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ƙaramin yaron yana kallonta yana kallon wayar. Ɗakinmu ya yi tsit, sai na'urar sanyi da motocin titi. Shirun ya wuce duk wanda na taɓa ƙirgawa. Hannuna na dama ya fara ƙaiƙayi, bakina ya cika da maganganu, ki yi haƙuri, sai mu bari wata rana, Allah ya ji ƙansu. Har na buɗe baki. Daga bakin ƙofa Ustaz ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Jira ta."

Na jira. Ban ƙirga ba. Na karkatar da kai wajen kafaɗar hagu, na sa ido a ƙasa, na jira. Can ta sauke mayafin, ta ja numfashi, ta rera:

"Ina nan, ban je ko'ina ba."

Allah ya ji ƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, ya sada shi da mutanen gidansa a inda ba a neman hutu kafin a ga juna. Gadonsa an ba wani sabon zuwa tun makon da ya wuce. Molon yana nan a ƙusa, 'yarsa ta ce in riƙe har in zo gida. Duk Juma'a bayan an ci abinci ina sauko da shi, kuma idan na kai ƙarshen layi ina tsayawa har a gama.